Daga Iddo Zuwa Marina: Tarihin Jiragen Ƙasa da Tashoshinsu a Birnin Legas

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, a zamanin da jirgin ke cikin ganiyarsa, ya san cewa tafiyar ba a cikin tsohon garin take ƙarewa ba. Bayan ya ci kimanin kilomita 1,126, jirgin yakan tsaya cak a tashar Iddo da ke bakin ruwa. Nan fasinja zai sauko da kayansa, ya hango gine-ginen Tsibirin Legas a ƙetare, sa'annan ya nemi mota ko ɗan dako, su haye gadar Carter. Tazarar da ke tsakanin Iddo da tsibirin ba ta taka kara ta karya ba, amma ta shafe fiye da ƙarni guda tana ci wa birnin tuwo a ƙwarya.

Wannan maƙala za ta bi diddigin jiragen ƙasa na cikin birnin Legas da kewayensa, tun daga 1896 da aka fara shimfiɗa layin dogo har zuwa 2024 da aka buɗe layi na biyu na jirgin cikin gari. Littattafan tarihi da na nazarin zamantakewa da muke koyarwa da su sukan kawo jirgin ƙasa a matsayin abin da ya haɗa Kudu da Arewa, ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Abin da ake son nunawa a nan shi ne, layin da aka gina domin kaya shi ne ya zana wa Legas siffarta, ya ja unguwanninta suka miƙe zuwa arewa, alhali shi kansa ba a tsara shi domin jigilar mazauna waɗannan unguwanni ba. Kusan duk wani yunƙuri da aka yi daga baya na samar wa birnin jirgin kansa, fama ne da wannan gado.

2.0 Layin da ya tsaya a bakin ruwa

Sai an fahimci yanayin ƙasar Legas kafin a gane dalilin tsayawar jirgi a Iddo. Tsohon garin, wanda Yarabawa ke kira Eko, Hausawa kuma suka mayar da shi Ikko, tsibiri ne a cikin wani makeken tafki da ya haɗe da teku. A nan fadar Oba take, a nan manyan kasuwanni suke, a nan kuma Turawan Ingila suka kafa ofisoshinsu bayan sun karɓe garin a 1861. Daga arewa maso yamma akwai wani ƙaramin tsibiri mai suna Iddo, sai kuma Ebute Metta, inda tudu ya fara. Ita Ebute Metta ta soma zama gari sosai ne a 1867, lokacin da Gwamna Glover ya yanka wa Kiristocin Egba da suka gudo daga Abeokuta filaye, ya fitar musu da tituna a miƙe.

'Yan kasuwar Liverpool da Manchester, tare da wasu attajiran Legas, sun daɗe suna matsa wa gwamnati lamba a kan ta gina layin dogo zuwa cikin ƙasar Yarabawa, domin manja da ƙwarar kwakwa su riƙa isowa bakin teku cikin sauƙi. Ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan ya yi ta jan ƙafa saboda kuɗi, har sai da Joseph Chamberlain ya zama sakatarensa a 1895. A watan Maris na 1896, zamanin Gwamna Gilbert Carter, aka fara aikin. An zaɓi ƙaramin faɗi, wato ƙafa 3 da inci 6 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, aka kuma shimfiɗa layi guda tilo, wanda jirgi biyu ba sa iya wuce juna a kansa sai a tasha. Duk wannan domin rage tsada ne. A watan Maris na 1901 aka buɗe layin har Ibadan, tafiyar kimanin kilomita 190.

Gadoji biyu aka yi domin haɗa tsibirin da tudu. Ta Denton ta haɗa Ebute Metta da Iddo, jirgi yana bi ta kanta. Ta Carter kuwa, wadda aka kammala a 1901, ta haɗa Iddo da Tsibirin Legas, sai dai ba a gina ta da ƙarfin ɗaukar babban jirgi ba. Saboda haka Iddo ta zama tasha ta ƙarshe. Idan aka dubi abin da idon masu aikin, babu laifi a cikinsa, domin buhu ba ya bukatar shiga gari: ana iya sauke shi a bakin ruwan Iddo a loda a kwalekwale ko ƙaramin jirgin ruwa. Da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi a Apapa a 1926, aka ja mata reshen layi daga Ebute Metta, sai kaya suka daina bukatar tsibirin gaba ɗaya. Daga ranar nan hukumar jirgin ƙasa ba ta da sauran wata riba da za ta sa ta kashe kuɗi ta haye ruwa. Waɗanda ke da bukatar hayewa mutane ne, akawu da lebura da 'yar kasuwa, su kuwa ba su ne ke cika asusun reluwe ba.

3.0 Ƙaramin jirgin tsibiri, 1902 zuwa 1933

Ba daidai ba ne a ce gwamnatin mulkin mallaka ba ta ga wannan giɓi ba. A zamanin Gwamna William MacGregor an gina wani ƙaramin jirgi mai aiki da tururi, irin wanda Turawa ke kira taram, wanda faɗin layinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kawai, ga shi marar nauyi yadda gadar Carter za ta iya ɗaukarsa. An buɗe shi ranar 23 ga Mayu, 1902. Yakan tashi daga tashar Iddo ya haye gada, ya ratsa Idumota da kasuwar Ereko, ya fito bakin ruwa wajen ofishin kwastan, sannan ya bi titin Marina ya wuce gidan gwamna, ya tsaya a wani wuri da ake kira Kokomaiko. Yana da kyau malami ya lura cewa wannan Kokomaiko ta tsibiri daban take da Okokomaiko ta kan hanyar Badagry, wadda za mu ci karo da ita a gaba. Kamannin sunayen yakan rikita ɗalibai.

Wannan shi ne jirgin cikin gari na farko a ƙasar da daga baya ta zama Nijeriya, kuma ya zo da wuri ƙwarai idan aka tuna cewa ko a ƙidayar 1911 mutanen Legas ba su wuce dubu 74 ba. Amma bai yi tsawon rai ba. Kawunan jirgin da taragunsa sun tsufa, gwamnati ta ga sabunta su asara ne, sai aka dakatar da ɗaukar fasinja daga farkon 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa. Motocin haya suka maye gurbinsa: da farko na wata attajira, Charlotte Obasa, daga baya kuma bas-bas na kamfanin Zarpas, wanda majalisar garin Legas ta saye a 1958.

Abin da ya rage na taram ɗin shi ne wani reshe da aka ƙara a 1906 domin aikin tsafta. A lokacin gidajen tsibirin da bokiti suke amfani a makewayi. Da dare masu kwasa sukan tara bokitan a wasu matattara, jirgin ya bi ya ɗauka, ya kai wata matsaya a gefen Ikoyi inda ake zubarwa a ruwa. Wannan reshe ya ci gaba da aiki har 1933. Wato dai jirgin ya yi wa mutanen Legas hidimar sufuri ta shekara 12, ya yi wa ƙazantarsu ta shekara 27. Mai karatu na iya yin murmushi, amma lissafin da ke ciki a fili yake: tsaftar tsibirin ta shafi lafiyar Turawan da ke zaune a cikinsa kai tsaye, zirga-zirgar talaka kuwa ba ta shafe su ba.

4.0 Garuruwan da tasha ta haifa

A daidai lokacin da jirgi ke janyewa daga tsibiri, a can tudu sai ƙara tsawo yake yi. Ya isa Osogbo a 1907, Ilorin a 1908, Jebba a 1909. Daga Arewa kuma an shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, aka haɗe hukumomin biyu a 1912. Kafin a gama gadar Jebba a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, a kan jirgin fito ake ɗora taragu a haye da su Kwara. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragun; manoman Kano suka ba su gyaɗa. Duk wannan arziki ta ƙofa ɗaya yake shiga Legas, wato siririn layin nan da ya ratso Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba zuwa Ebute Metta.

Ebute Metta ita ce zuciyar harkar. A nan aka kafa hedikwata da manyan ma'aikatun gyaran kawunan jirgi, da rukunin gidajen ma'aikata, Turawa a nasu ɓangare mai itatuwa, 'yan ƙasa a nasu. Ɗaya daga cikin gidajen farko, wanda aka gina wajen 1898, an gyara shi an mayar da shi ɗan gidan tarihi, ana kiransa Gidan Jaekel, da sunan wani tsohon jami'in reluwe da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Nijeriya a juzu'i uku. Tara dubban ma'aikata masu sana'a a wuri guda ya haifar da abin da gwamnati ba ta yi tsammani ba. Daga waɗannan ma'aikatu Michael Imoudu ya fito, ya jagoranci ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa wajen neman ƙarin albashi saboda tsadar rayuwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An tsare shi a 1943, aka sake shi a 1945, kuma a watan Yunin shekarar aka shiga yajin aikin gama-gari da ya wuce kwana 40. Tsayawar jirgi ita ce ta ba yajin ƙarfi, domin idan tarago bai motsa ba, Apapa ma ta tsaya.

Annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta auka wa tsibirin daga 1924, ta tilasta wa gwamnati kafa hukumar raya birnin a 1928, ita kuma ta fitar da sabuwar unguwa a Yaba domin rage cunkoso. Ba da ka aka zaɓi Yaba ba: tana kan layi, tana da tasha. Daga nan gari ya yi ta bin ƙarfe. Mushin da Oshodi, waɗanda ƙauyuka ne a da, suka cika da baƙin da ba su iya biyan hayar tsibiri. Ikeja ta sami filin jirgin sama, sannan a shekarun 1950 gwamnatin Jihar Yamma ta kafa unguwar masana'antu a gefenta. Duk wanda ya buɗe taswirar Legas ta wajen 1960 zai ga birnin kamar wutsiya, siriri, ya miƙe daga tsibiri zuwa arewa, layin dogo kuma shi ne ƙashin bayansa.

Agege ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin a nan tarihin jirgin Legas ya haɗu da na Hausawa. A farkon ƙarni na 20 wasu 'yan bokon Legas, irin su J. K. Coker, sun buɗe manyan gonakin koko a yankin, har suka kafa ƙungiyar manoma a 1907. Da kasuwar koko ta yi rauni, sai goro ya karɓi wurin, musamman irin wanda Hausawa ke so, wanda a da sai an je Gwanja da ayarin jakuna ake samo shi, tafiyar watanni. Yanzu ga goro a bakin tasha, ga jirgi da zai kai shi Kano cikin 'yan kwanaki tun bai bushe ba. Fatake suka sauka a Agege, suka kafa zango, suka naɗa sarkinsu. Taragun da suka sauko da shanu daga Arewa su ne kan koma da huhunan goro. Hausawa sun riga jirgi zuwa Legas, tun zamanin dakarun Glover da ma kafin nan, amma zangon Agege jirgi ne ya raya shi, kuma ba abin mamaki ba ne da babbar mayankar birnin ta kasance a Oko-Oba, cikin wannan yanki.

Harshe ma ya adana wannan tarihi, abin da malamin Hausa zai iya amfani da shi a aji. Kalmomin tasha da reluwe da loko da tikiti da fasinja duk aro ne daga Ingilishi, kuma rayuwar layin dogo ce ta yaɗa yawancinsu. Diga, wadda asalinta sunan abin haƙa ne, ta zama sunan aikin shimfiɗa layin kansa, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kai. Wani abin sha'awa shi ne, da baƙon abu ya zo, Hausa da Yarabanci hanya ɗaya suka bi wajen raɗa masa suna. Bahaushe ya ɗauki jirgi, wanda a da na ruwa ne kawai, ya ce jirgin ƙasa. Bayarabe ya ɗauki oko, wadda ita ma kwalekwale take nufi, ya ce oko oju irin, wato jirgin hanyar ƙarfe.

To, ina matsayin mazauna waɗannan unguwanni a wurin jirgin da ya tara su? Hukumar takan saka jiragen safe da na yamma tsakanin Iddo da tashoshin kewaye domin ma'aikata, amma a kan layi ɗaya da jiragen kaya da na doguwar tafiya, saboda haka ba a iya yawaita su. Ga kuma matsalar mulki. Daga 1954 zuwa 1967 tsibiri da Ebute Metta da Yaba suna ƙarƙashin gwamnatin tarayya, Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege kuwa suna cikin Jihar Yamma mai hedikwata a Ibadan. Shi kuma jirgin, dokar 1955 da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta damƙa shi kacokan a hannun tarayya. Gari ɗaya, iyayen gida uku, babu wanda aikinsa ne ya tambayi yadda akawun Mushin zai isa ofis a Marina.

5.0 Zamanin mota da jirgin da ba a gina ba

Bayan samun mulkin kai sai hankali ya koma kan titi. A 1964 jiragen ƙasan Nijeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11. Zuwa farkon shekarun 2000 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 2 a shekara. Yaƙin basasa ya lalata layin Gabas, gyaɗar Arewa ta ja baya, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, kuɗin man fetur kuma aka zuba su a gadoji da manyan tituna: gadar Eko, titin Ikorodu, titin Apapa zuwa Oshodi, daga baya gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. Mutanen birnin kuwa, waɗanda ƙidayar 1963 ta ba su kimanin dubu 665 a yankin tarayya kaɗai, sai ninkuwa suke yi. Molue da danfo suka zama jirgin talaka. Cunkoso ya kai matsayin da a 1977 aka kafa dokar da ta raba ranakun shiga wasu manyan tituna bisa lambar mota, masu mara yau, masu cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu.

A cikin wannan hali ne Alhaji Lateef Jakande, gwamnan farar hula na farko a Jihar Legas, ya ɗauko shirin jirgin cikin gari na zamani da aka sani da Metroline, wanda zai tashi daga Marina ya bi ta Yaba ya nufi Agege. An ba wa wani rukunin kamfanonin Faransa kwangila, Shugaba Shehu Shagari kuma ya aza harsashin aikin a 1983. A ranar ƙarshe ta wannan shekara sojoji suka yi juyin mulki, a 1985 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin. Masu kare wannan mataki suna da hujja: farashin mai ya faɗi tun 1981, bashi ya yi wa ƙasa katutu, kuɗin waje ya yi ƙaranci. Amma sokewar ma ba kyauta aka yi ta ba, domin an yi asarar miliyoyin daloli ba tare da an samu ko taƙi ɗaya na layi ba.

Kwatanci da Alƙahira yana da amfani a nan. Ita ma a farkon shekarun 1980 ta fara nata aikin, ita ma da kamfanonin Faransa, kuma Masar ba ta fi Nijeriya sukunin aljihu ba a lokacin. Dabarar da suka yi ita ce, suna da tsofaffin layukan kewayen gari guda biyu, na Helwan a kudu da na Marg a arewa, sai suka haƙa rami a ƙarƙashin tsakiyar birni suka haɗe su. A 1987 aka buɗe kashin farko. Matsalar Alƙahira irin ta Legas ce, wato layi ya zo bakin gari ya tsaya. Bambancin shi ne can an daure an ƙarasa. A ganina, asarar da Legas ta yi a 1985 ta lokaci ce fiye da ta kuɗi, domin a shekarun da suka biyo baya birnin ya bazu ta gabas zuwa Lekki, ta yamma zuwa Ojo, ta arewa har cikin Jihar Ogun, ba tare da an keɓe wa jirgi hanya ba. Kowace shekara aka ƙara, filin da za a bi sai ya ƙara tsada.

Tsohon layin bai mutu ba, amma ya wulaƙanta. 'Yan kasuwa suka baje kolinsu a kan ƙarfen a Oshodi da Mushin da Yaba da Agege. Idan jirgi ya yi kuka a janye tire da rumfa, ya wuce a mayar. Jiragen safe da yamma da ke zirga-zirga tsakanin Iddo da Ijoko a Jihar Ogun sun ci gaba da aiki, kuma saboda arharsu sukan cika maƙil har matasa su hau rufi su maƙale a ƙofofi. Wannan hoto, wanda jaridu suka sha bugawa, ana yawan kawo shi a matsayin shaidar rashin da'a. Ni kuwa ina ganinsa shaida ce ta bukata: mutum ba ya hawa rufin jirgi idan akwai wani jirgin da zai zo bayan minti goma.

6.0 Shuɗin Layi da Jan Layi

Sabon babi ya fara ne a 2002, lokacin da gwamnatin jihar, zamanin Bola Tinubu, ta kafa hukumar tsara sufurin birnin, wato LAMATA, da tallafin Bankin Duniya. A karon farko aka sami hukuma guda wadda aikinta shi ne duban zirga-zirgar birnin baki ɗaya. Ta fara da bas masu hanyarsu ta daban a 2008, ta kuma zana taswirar layukan jirgi, kowane da launinsa. A watan Janairun 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta rushe kasuwar da ta mamaye titi da layin dogo a Oshodi, matakin da ya jefa dubban masu ƙaramin jari cikin wahala, amma ya nuna cewa tsohuwar hanyar jirgi tana nan a ƙarƙashin rumfuna.

Shuɗin Layi aka fara ginawa, a hannun kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Shi sabuwar hanya ce ɗungurungum, wadda ta nufi yamma ta tsakiyar titin Badagry, an kuma tsara ta kai Okokomaiko, tafiyar kilomita 27. Aikin ya ci fiye da shekara goma, an sha ɗage ranar kammalawa, gwamnoni uku suka gaje shi. Wuri mafi wuya shi ne wanda ya gagari Turawa tun 1901, wato hayewa ruwa. Sai da aka kafa ginshiƙai a cikin tafkin aka ɗora gada ta musamman zuwa Marina. Kashin farko mai kilomita 13 da tasha biyar, daga Marina zuwa Mile 2, Shugaba Buhari ne ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 2023, mutumin da gwamnatinsa ta soja ta soke Metroline shekara 38 kafin nan. An fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba, 2023, zamanin Gwamna Babajide Sanwo-Olu. Da lantarki jirgin ke aiki, ana biya da kati, kuma tafiyar da kan ci sa'a ɗaya ko biyu a mota ta koma ƙasa da rabin sa'a. Rabon da jirgin fasinja ya taka Marina tun ƙarshen 1913.

Jan Layi kuwa labarinsa daban ne, domin komawa ya yi kan sawun 1896. Gwamnatin tarayya ta riga ta shimfiɗa sabon layi mai babban faɗi, milimita 1,435, mai hannu biyu, daga Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a gefen tsohon. An buɗe shi a watan Yunin 2021, da babbar tasha a Ebute Metta mai sunan Mobolaji Johnson, gwamnan jihar na farko. Tashar Agbado kuma aka sa mata sunan Jakande. Jihar Legas ta yi yarjejeniya da tarayya ta ɗora nata jiragen a kan wannan hanya, ta gina tashoshinta, ta kuma yi gadojin sama a wuraren da titin mota ke ratsa layi. Muhimmancin waɗannan gadoji ya fito fili a watan Maris na 2023, lokacin da jirgi ya yi karo da wata bas ta ma'aikatan gwamnati a wata mahaɗa kusa da Ikeja, mutum shida suka rasu. A wannan watan ne kuma aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi dama su ma su yi doka a kai. Ƙullin da dokar 1955 ta ɗaura sai a lokacin ya fara kwancewa.

An ƙaddamar da Jan Layi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, aka fara jigilar fasinja a watan Oktoban shekarar. Tsawonsa kilomita 27 ne, kuma da man dizal jiragensa ke tafiya. Sunayen tashoshinsa takwas kusan duk tsofaffi ne: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Fataken goro na shekarun 1920 da za su dawo, da ba su bukaci mai yi musu jagora ba. Sai dai tsohuwar matsalar raba hanya ba ta gushe ba, tunda layin da jirgin cikin gari ke bi shi ne jirgin Ibadan da na kayan Apapa ke bi, kuma yawan jiragen da za a iya sakawa a sa'a ya dogara ga yadda hukumomin biyu suka daidaita jadawalinsu.

A taswirar da aka zana, Jan Layi zai ƙarasa har Marina ya haɗu da Shuɗi a kashi na biyu. Amma kashin da aka buɗe a 2024 a Oyingbo ya tsaya, cikin Ebute Metta, ɗan taƙi kaɗan daga Iddo. Ma'aikacin da ya shiga a Agege da asuba yana nufin tsibiri, a nan zai sauka ya nemi bas ta haye da shi gada.